Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Taron Ranar Galahanga

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin Dagaci da masu unguwanni da Malam Liman da ungozomomi da iyayen yara, ni da ke kula da ƙaramin asibitin garin nan ina yi maka barka da zuwa. Ka baro Dambatta cikin wannan zafi na bazara ka zo ka zauna da mu. Allah ya ƙara girma.

Yau 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin galahanga, wato autism, yanayin da ke shafar magana da mu'amalar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da ita, kuma ta fi yawa a maza. Ke nan muna da su a gidajenmu, sai dai da wasu sunaye muke kiransu: miskili, kurma, mai iska.

Bara wata baiwar Allah ta kawo ɗanta mai shekara biyu da rabi awo. Ta ce, "Malama, ko kurma ne?" Na kira sunansa sau uku, ko gezau. Wata ta motsa ledar alewa a bayansa, nan take ya waiwayo. Sai ya zauna yana jera murafun kwalba, ɗaya bayan ɗaya. Da yayarsa ta ɗauke guda, ya fasa ihu kamar an zare masa rai. Uwar ta ce ba ya haɗa ido da ita, ba ya nuna abu da yatsa, sai dai ya ja hannunta zuwa randa. Idan aka tada injin niƙa, toshe kunnuwa yake. "Inna" da "ruwa" da ya fara faɗa ma sun ɓace. An yi hayaƙi, an yi turare, har akuya aka sayar.

Ranka ya daɗe, ba aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma ba allurar rigakafi ke kawo ta ba. Wannan na ƙarshe ina so ya shiga kowane gida. Yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, kuma gado na da hannu. Babu maganin da ke cire ta, amma yaron da aka gano da wuri, tsakanin wata 18 zuwa shekara biyu, yana samun ci gaba sosai idan aka koya masa magana da mu'amala. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Sai an fara gwada jinsa, sannan likita ya duba, kamar yadda muka tura wannan yaro Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kokenmu shi ne ka umarci masu unguwanni da limamai su faɗa a masallaci da wajen suna cewa a daina ɓoye irin waɗannan yara a ƙuryar ɗaki, a kawo mana su ranar awo. Ka kuma isar mana ga ƙaramar hukuma a horar da ma'aikatanmu da malaman firamare, don kada bulala ta hau yaron da ba taurin kai yake ba.

Uwar nan ta amince, tana cikinmu da ɗanta. Idan an kawo shi gabanka bai durƙusa ba, bai ma dube ka ba, a yi masa uzuri. Yanzu yana faɗin "ruwa" da bakinsa.

Bismillah, ranka ya daɗe.