Buhun shinkafa ɗari na Nagaoka da kuɗin asusunmu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, Hajiya shugabar mata, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da sanyi, na san wasu daga wurin aiki suka taho kai tsaye.

Kafin mu shiga maganar kuɗin asusu ina so in ba ku labarin wani gari, Nagaoka, can a jihar Niigata ta nan ƙasar Japan. Aiki ya kai ni lokacin dusar ƙanƙara, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ina jiran mota sai abokin aikina ɗan garin ya ce mini ai nan inda nake tsaye nan ne fadar sarkinsu take a da, ba katanga ba soro, tasha ce kawai aka gina a kai.

Gidan Makino ne suka riƙe wannan ƙasa tun 1618, daga Makino Tadanari, sarki bayan sarki har shekara ɗari biyu da hamsin. Ba wata babbar masarauta ba ce, su a lokacin da shinkafa ake auna girman sarki, ma'aunin suna ce masa koku, wato abin da zai ci da mutum ɗaya shekara guda, to Nagaoka koku 74,000 gare ta, alhali gidan Maeda na Kaga sun haura miliyan. A 1868 yaƙi ya ɓarke tsakanin mutanen shogun, wato shugaban sojan da ya riƙe mulkin Japan kafin nan, da sabuwar gwamnatin Sarki Meiji, sarkin Japan. Babban wazirin Nagaoka Kawai Tsugunosuke ya so su tsaya ba ruwansu da kowa, har ya je Ojiya ya roƙi kwamandan gwamnati, aka ƙi saurararsa. Aka gwabza, aka ci garin, suka ƙwato shi, aka sake ci, gari ya ƙone ƙurmus, shi Kawai harsashi ya same shi a ƙafa, ciwon ne ya yi ajalinsa. Gwamnati ta zaftare musu ƙasa ta koma koku 24,000. Ku duba fa, samurai, wato mayaƙan sarki masu takobi, da iyalansu, abin sawa a baki ya gagara.

Sai a 1870 'yan'uwansu na Mineyama, reshen gidan Makino ne su ma, suka aiko da gudummawar shinkafa buhu ɗari. Kowa ya miƙo ƙwarya. Wani dattijo mai ilimi cikin masu riƙe da mulkin garin, Kobayashi Torasaburo, ya ce a'a ba za a raba ba, in an raba kwana nawa za ta yi, a sayar a sayi littattafai da kayan makaranta. Wallahi na daɗe ina tunanin wannan mutum, yunwa a gari, mutane a fusace a ƙofar gidanka, kai ma ba ƙoshin gare ka ba, amma ka tsaya kai da fata. Kuma makarantar, Kokkan Gakko, ba ta 'ya'yan samurai kaɗai ba ce, ɗan manomi da ɗan mai shago duk an buɗe musu ƙofa. A wannan shekarar sarautar Makino ta ƙare, makarantun da suka tsiro daga wannan ɗin kuwa suna nan, har firaminista Koizumi ya kawo labarin a majalisa a 2001.

Abin da ya sa na kawo wannan, na ji ana cewa a raba abin da ya taru a asusu kowa ya yi hidimar Sallah, kuma ban ga laifin mai faɗin haka ba, ni ma haya na jirana, gida ma ana ta bugo waya. Amma rannan na ce wa ƙaramar 'yata miƙo mini tsintsiya, ta tsaya tana kallona, sai da uwarta ta faɗa mata da Japananci, abin ya tsaya mini a rai har yau. Shawarata, mai girma shugaba, mu kama ɗaki ɗaya duk ranar Lahadi awa biyu, a koya wa yara Hausa da karatun Alƙur'ani, a riƙa ba malamin kuɗin jirgi. Kuɗin allo da littattafan wata uku na farko ni na ɗauka, sakatare ka rubuta sunana.