Godiya a Lokacin Kirsimeti: Hadayar Kurciya Biyu

(Lacca ce da aka gabatar a wani taron masu bi a Wusasa, Zariya, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Iyayena maza da mata, shugabannin ikilisiya, matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Sannunku da sanyi.

Kirsimeti ta ƙarato, kuma na san abin da ke ran da yawanmu. Uwa tana lissafin kuɗin ɗinkin yara. Uba ya shiga kasuwar Sabon Gari, ya taya mudun shinkafa, ya dawo jiki a sanyaye. Wani kuma bara war haka yana tare da mahaifiyarsa, bana ba ta. To, irin waɗannan ne za a ce su gode? I, su ma, kuma da su nake magana yau.

Ku buɗe Luka sura 2 aya 24. Da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali a Urushalima, hadayar da suka miƙa kurciya biyu ce ko 'yan tattabaru biyu. Mukan wuce wannan ayar da sauri, alhali akwai magana a cikinta. Littafin Firistoci sura 12 ya umarci mai jego ta kawo ɗan rago bana ɗaya da tsuntsu guda. Wadda ba ta da halin rago, ita aka yarje wa tsuntsaye biyu. Ke nan gidan da aka haifi Mai Ceto ba su da kuɗin rago. Ba su ɓuya a gida don kunya ba, ba su ci bashi don a gani a yaba ba. Abin da ke hannunsu suka ɗauka suka tafi. A ranar nan kuwa Hannatu, tsohuwa wadda mijinta ya rasu bayan shekara 7 kacal da aure, ta matso ta yi ta yi wa Allah godiya.

Wannan shi ke damuna da yadda muke bikin yanzu, 'yan'uwa. Mun mai da shi gasa. Mutum zai ci bashi a Disamba, ya shiga Janairu yana neman kuɗin makarantar yara yana gunaguni. Bulus da ya rubuta wa Tasalonikawa su yi godiya cikin kowane hali, shi ne aka yi wa bulala a Filibi, aka sa ƙafafunsa a turu, da tsakar dare shi da Sila suna waƙar yabo.

Mu nan Wusasa ma ba sai mun je nesa ba. Cocin St. Bartholomew da ƙasa aka gina shi a 1929, yana nan tsaye. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi ya sa kakanninmu suka ji labarin makiyayan Baitalami da harshen da suka sha a nono. Yaushe rabon da ka gode wa Allah don wannan?

Amma godiyar da ta tsaya a zuci ba ta cika ba. A Luka 17 kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya juyo, shi ma Basamariye. Ina jin sauran tara sun yi murna ƙwarai, komawa ce ba su yi ba. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Saboda haka kafin ranar 25 ga wata, ka taka da ƙafarka zuwa wurin malamin da ya koyar da kai, ko ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a kan ɗanka, ka faɗa da bakinka. Maƙwabcinka Musulmi da ya aiko maka naman layya da Babbar Sallah, kada kwanon shinkafarka ya tsallake ƙofarsa. Gwauruwar da ke layinku kuma, a kai mata nata tun da zafinsa, a zauna a ɗan yi hira, kada a bai wa yaro ya ajiye ya gudu.

Daren jajibere, ku tara yara kafin a kwanta, kowa ya ambaci abu ɗaya da Allah ya yi masa a shekarar nan, har da ƙaramin cikinsu. Mama shugabar zumuntar mata, ki taso ki yi mana addu'a, sannan mu karɓi tambayoyi.