Tsohon Kundin Masu Zaɓe da Neman Sawun Kakanni

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Takardar da zan yi magana a kanta yau ba don masu neman asali aka rubuta ta ba. Jami'in zaɓe ne ya rubuta, don ya san wa ke da ikon jefa ƙuri'a. Amma ga mai bin salsalar zuri'a a Burtaniya ko Ostareliya, akwai inda wannan kundi yake kai mutum da ƙidayar jama'a ba ta kaiwa.

A Burtaniya, ƙidaya sai shekara goma-goma ake yin ta. Kundin masu zaɓe kuwa, tun dokar gyaran zaɓe ta 1832 a Ingila, kusan kowace shekara ake sabunta shi. Ga kuma wata asara: takardun ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 gobara ta cinye su a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. A Ostareliya ma an daɗe ana lalata takardun gidaje da zarar an fitar da alƙaluma, don haka masu bincike a can suka rungumi kundin zaɓe hannu bibbiyu, tunda tsofaffin kundayen har sana'ar mutum suke faɗa.

To, yaya ake karanta shi? Kada ku ɗauki shekara ɗaya ku tashi. Ku jera shekaru goma ko ashirin, ku kafa wa gida ɗaya ido. Bana ka ga sunan maigida da na matarsa. Baɗi sai ga suna na uku ya fito, sunan gidansu ɗaya. Galibi ɗa ne ya cika shekara 21, ka ga ka samu kintacen shekarar haihuwarsa ba tare da ka ga takardar haihuwa ba. Can gaba sunan 'ya ya ɓace, sai ka nufi rajistar aure. Ranar da sunan maigida ya ɓace, na matar ya rage shi kaɗai a gidan, ka san inda za ka duba. Ni wannan layin yakan tsaya mini a rai, don mutum ne ya bar duniya, alamarsa kawai gurbin da ya bari a takarda.

Amma ku saurara da kyau, don nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Rashin suna a kundi ba ya nufin mutum ba ya garin. Kundin yana nuna wanda doka ta yarda da shi ne a wannan shekarar. A Burtaniya, kafin 1918 sai mai dukiya ko mai biyan wani adadi na haya, saboda haka ɗimbin maza talakawa ba sa ciki. A 1918 aka buɗe wa maza masu shekara 21, mata kuma sai masu 30, su ma da sharaɗin dukiya. Sai 1928 aka daidaita mata da maza, a 1969 aka sauko da shekarun zuwa 18. Wanda ya nemi kakarsa mai shekara 25 a kundin 1920 bai same ta ba, ya ce ta yi ƙaura, ya zalunci tarihinta. Tana nan, doka ce ba ta gan ta ba. Haka kuma ba a buga kundi a 1916 da 1917 ba, da kuma daga 1940 zuwa 1944. Kuma ana tattara sunaye watanni kafin a fara aiki da kundin, don haka kana iya ganin sunan wanda ya riga ya tashi.

Yawancin kundayen Burtaniya na ƙarni na 20 bisa titi da lambar gida aka tsara su, ba bisa suna ba, don haka ku fara samo adireshi daga wasiƙa ko takardar aure.

Wanda kakansa ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Farko, ya nemi jerin masu zaɓen da ba sa gida na 1918 da 1919. A nan, gefen adireshin gidansu, ana rubuta rundunar soja da lambarsa. Darajar wannan babba ce, domin mafi yawan fayilolin sojojin Burtaniya na wancan yaƙi sun ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Landan a 1940. Da lambar nan ce za ka ware naka daga cikin sojoji masu yawa da suke suna ɗaya da shi.