Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin Kabon da Harajin Itace

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta fito daga wani manomi a jihar Maraɗi, yana cewa: "Na ji ana biyan kuɗi don a bar bishiya tsaye. Ina da gawo wajen arba'in a gona, zan samu?"

To malam, ana biya, amma ba bishiyar ake saye ba. Kamfanonin da ke fitar da hayaƙi ne ke sayen iskar kabon da bishiya ta zuƙe, takardar shaida ɗaya a kan kowane tan. Ana auna kaurin bishiyar daidai ƙirjin mutum, mita 1.3 daga ƙasa, a ƙiyasta nauyin busasshen itacenta. Kusan rabin nauyin kabon ne, sai a ninka shi sau 3.67 don a samu nauyin iskar kabon da ta zuƙe. Bishiyar da busasshen itacenta ya kai kilo 200 ta zuƙe iskar kabon kilo 367 ke nan, sai an haɗa uku irinta kafin a cika tan guda.

Ga inda gizo ke saƙar. Gawon da ka gada a gonar ba ya shiga lissafi. Ƙarin da sabon aikin shuka ko farfaɗo da bishiyoyi ya haifar kaɗai ake biya. Kuɗin masu zuwa tantancewa kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ake haɗa ƙauyuka, kamar a Humbo ta Habasha inda aka farfaɗo da daji mai hekta sama da 2,700. Yarjejeniyar kan kai shekara 20 ko fiye, kuma ana riƙe wani kaso na takardun saboda gobara ko sara. Kafin ka dangwala hannu, a karanta maka kason ɗan tsakiya da wanda zai ɗau asara in wuta ta ci. A ganinmu dai, takin gawo da 'ya'yansa da dabbobi ke ci sun fi wannan kuɗin saurin shiga aljihu.

Wata baiwar Allah daga Dosso kuwa tana tambayar dalilin da harajin itacen girki ya bambanta. Tun 1992 Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara: itacen dajin da ƙauye ke kula da shi harajinsa kaɗan ne, wani kaso ma yana zama a ƙauyen, na dajin da ba mai tsaro kuma ya fi tsada. Matsalar, in an yi sakaci a shingen duba motoci, sai itacen sata ya shigo gari da arha, ya karya kasuwar masu bin doka.