"Used to": a da ne, ko sabo ne?

Assalamu alaikum masu kallo. Yau kan kalmomi biyu na Turanci za mu zauna, wato "used to". Ƙanana ne, amma suna iya sa mutum ya faɗi akasin abin da ke ransa.

Wani ƙanina ya je ganawar neman aiki. Aka tambaye shi yaya yake da kiyaye lokaci, sai ya gyara zama ya ce, "I used to come to work early." Shi a nufinsa, yakan zo aiki da wuri. Abin da masu tambayar suka ji kuwa shi ne, a da yakan zo da wuri, yanzu ya daina. Da ya dawo gida ya maimaita mini amsar, sai da gabana ya faɗi, domin yaron nan tun asuba yake fita, bai san makara ba.

To ga yadda abin yake. Idan ka ce "used to" ka biyo shi da aikatau tsurarsa, kana maganar abin da ya wuce ne, ya kuma ƙare. Daidai yake da "a da nakan" a Hausa. "I used to live in Zaria", a da a Zariya nake zaune, yanzu na tashi. "She used to sell kunu", a da takan sayar da kunu, ta bari. "There used to be a well here", a da akwai rijiya a nan, yanzu babu ita. Ko ba ka ƙara da "amma yanzu" ba, mai sauraro ya riga ya ji shi a cikin maganar.

Wannan siga ba ta da ta yanzu. Mu a Najeriya muna yawan cewa "I use to go there every Friday", muna nufin mukan je duk Juma'a. Za ka ji shi a kasuwa, ka ji shi a ofis, har a bakin masu digiri. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO jan biro zai sa masa. Abin da kake yi har gobe, "usually" ne abokinsa: "I usually come to work early." Wannan ce jimlar da ƙanina yake nema.

Yanzu ku kula, nan ne aka fi tuntuɓe. Da zarar "am", "is" ko "are" ta shigo gaban "used to", galibi maganar takan bar "a da", ta koma sabo.

Ɗauki ɗan Sakkwato da aka tura Jos yi wa ƙasa hidima, ya sauka a tsakiyar hunturu. Makon farko yana ƙudundune cikin bargo, haƙora na haɗuwa, zai ce, "I am not used to this cold", ban saba da wannan sanyin ba. Bayan wata biyu ya fara fita masallaci da asuba ba tare da rigar sanyi biyu ba: "I am getting used to it", ina dai sabawa. Kafin ya gama shekararsa kuwa, "I am used to bathing with cold water", na saba da wanka da ruwan sanyi.

Kun ji "bathing" aka ce? Hausa ma haka take yi. Muna cewa na saba da sanyi, na saba da wanka, na saba da tuƙi. Duk abin da ya biyo bayan "da" ɗin nan suna ne. Turanci ma suna yake so a wurin, shi ya sa aikatau ke ɗaukar "ing" a ƙarshe. "I used to drive", a da nakan yi tuƙi. "I am used to driving", tuƙi ya zame mini jiki.

Wajen tambaya da korewa, "did" ce ke ɗauke nauyin abin da ya wuce, sai harafin "d" ya faɗi: "Did you use to play football?" "I didn't use to like tea." A baki ba a jin bambancin, duka kamar "yusta" ake furtawa, a rubutu ne yake fitowa.

Akwai kuma "A knife is used to cut meat". Wannan ba sabo ba ne, ana amfani da wuƙa ne wajen yanka nama, kuma da sautin "z" ake furta shi, "yuzd".

Ku tsayar da bidiyon nan ku juya wannan zuwa Turanci: a da nakan sha shayi da daddare, amma yanzu na saba da kwanciya da wuri.

Ga amsar: "I used to drink tea at night, but now I am used to going to bed early."