Yadda ake gina dattijo a katun: misalin Iroh

Assalamu alaikum. Na duba zane-zanen da kuka kawo, kuma kusan kowa da aka ce ya zana tsoho abu uku ya yi: furfura, sanda, ƙusumbi. Shi ke nan, wai an gama. To, wannan tsohon ina ya yi ƙuruciyarsa? Me ya rasa? Na tambayi mutum biyu a cikinku ɗazu, suka yi dariya kawai.

Bari mu ɗauki Iroh, na cikin katun ɗin Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008, kashi 61 a zango uku. Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko ne suka ƙirƙiro shirin. Iroh wan mahaifin Zuko ne, wani matashin yarima a shirin, wato baffansa. Ku daina ce masa kawu, don Allah.

Ku dubi yadda aka fara nuna shi. Gajere ne, ga tumbi, ga farin gemu, ba shi da magana sai ta shayi da wasan dara irin nasu. Mai kallo zai ɗauka an kawo shi ne don ban dariya. Sai a hankali ake tsakuro maka tarihinsa: ashe janar ne, kuma shi ne yarima mai jiran gado. Ya yi wa birnin Ba Sing Se ƙawanya har kwana 600, ɗansa Lu Ten ya mutu a yaƙin, ya janye dakarunsa, ƙaninsa Ozai, mahaifin Zuko, ya haye karaga. Da ka san wannan, shan shayin nan ya canza ma'ana. Mutum ne da ya ga ƙarshen neman mulki, ya ajiye. Haƙurin da yake yi da rashin kunyar Zuko ma, ka gane daga ina ya fito: ɗa ya rasa, ba ya son ya rasa na biyu.

Marubutan ba su zazzage wannan a kashi na farko ba. Mu kuwa nan ne cutarmu take, minti biyu da fara shiri tsoho ya zauna yana karanto tarihinsa kamar mai wa'azi.

Jiki ma yana ba da labari. A zango na uku an kulle shi a kurkuku. Gaban masu gadi yana nuna kamar ya zautu, a ɓoye yana motsa jiki har tumbin ya koma ƙwanji. Siffar da aka saba yi wa dariya ita ta zama mayafinsa.

Sai murya. Mako Iwamatsu ne ya fara yi masa murya, ya rasu a watan Yulin 2006, Greg Baldwin ya karɓa. Akwai wani kashi a zango na biyu inda Iroh ke zaune ƙarƙashin bishiya yana rera waƙa ranar zagayowar haihuwar ɗansa, yana hawaye, aka sadaukar da wurin ga Mako. Ni kaina ba na iya kallonsa a gaban ɗalibai.

Aikin mako mai zuwa: kowa ya je wajen kakarsa ko wani dattijon unguwa, ya tambaye shi sana'ar da ya yi yana ɗan shekara 30, ya lura da hannuwansa da yadda yake zama. Ku rubuto shafi ɗaya kafin ku taɓa fensir. Wa ke da tambaya?