Karayar gwiwar hannu ga yara: yaushe ake buƙatar tiyata?

Idan lokacin mangwaro ya zo a Kaduna, ba a rasa yaron da ya faɗo daga bishiya ya dafa ƙasa da tafin hannu, kafin a ankara gwiwar hannun ta kumbura, ya riƙe ta da ɗaya hannun yana kuka. Sau da yawa ƙashin damtse ne ya karye dab da gwiwa, karayar da ta fi samun yara 'yan shekara 5 zuwa 7.

Hoton ƙashi ne ke yanke hukunci. Tun 1959 likitoci ke bin yadda wani likitan Amurka, Gartland, ya rarraba irin wannan karaya gwargwadon gocewar ƙashin. Idan ƙashin bai goce ba, filasta ta mako 3 ko 4 ta wadatar. Idan kuwa ya goce gaba ɗaya, sai a yi wa yaron allurar barci, likita ya ja hannun ya mayar da ƙashin mazauninsa yana duba hoto, sannan ya soka siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku ta cikin fata su riƙe shi. Galibi ba a ma tsaga wurin, kuma bayan kamar mako 4 ake zare wayoyin.

Abin da ke sa likita gaggawa shi ne babbar jijiyar jini da jijiyoyin motsi da suka ratsa gaban gwiwar, domin tsinin ƙashin na iya danne su. Shi ya sa za ku ga yana taɓa bugun jini a tsintsiyar hannu, yana cewa yaron ya haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe. Hannun da ya yi sanyi ko fari, ko ciwon da ke tsananta idan aka miƙe yatsu, ba ya jiran wayewar gari. A nan ne ɗorin gida da ake ɗaurewa tamau da karare ke yin ɓarna, domin kumburi ba ya samun wurin tafiya, jini ya tsaya, tsoka ta mutu, yatsu su ƙanƙance har abada.

Karayar ƙasusuwa biyu na sangalin hannu kuwa ta fi sauƙin sha'ani, tunda ƙashin yaro yana gyara kansa yayin girma, filasta kan isa. Sai idan sun ƙi zama ne ake zura siraran ƙarafa masu lanƙwasuwa a cikin ɓargo, a cire bayan watanni. Ana samun likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.